Ƙwayar da Na Jefa wa Yaya a Koko

A lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne a Rogo, ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai ji da kai fiye da albashinsa. Da Innarmu ta rasu, riƙon yayana ya dawo hannuna. An haife shi da raunin ƙwaƙwalwa. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, amma ya iya gaisuwa. Da an idar da sallar asuba sai ya bi gida-gida a ƙauyenmu na wajen Beli, ya durƙusa ya tambayi kwana, gajiya, iyali, har awaki. Bai taɓa cutar da kowa ba. Ni dai ya ishe ni, don kullum sai na bi gari na nemo shi ya karya kafin in tafi aiki, in kuwa na yi baƙi sai ya gaishe su sau biyar.

Sai na je wurin wani mai kemis a Karaye na shirga ƙarya, na ce yayana ba ya barci. Mutumin bai nemi ganinsa ba. Ya ƙullo ƙwayoyi ya ce in riƙa jefa masa a koko. Har yau in na tuna yadda ya miƙo su kamar mai sayar da alewa, zuciyata tafasa take yi. Amma hannun da ya dama kokon nawa ne. Wata bakwai ina yi. Yaya ya daina fita, yana zaune yawu na zuba, hannu na rawa, ni kuwa ba kunya ina gaya wa mutane ya samu sauƙi.

Rannan wata tsohuwa ta dogaro sanda har zaurenmu. Ta ce tun rasuwar mijinta babu mai leƙa ta da safe sai Yaya, shi ya sa ta zo jin ko lafiya. Ta gaishe shi, ya yi ta motsa baki, magana ta ƙi fita. Da na kai shi asibiti, likita ya tambaye ni wane ciwo ake yi masa magani, sai na gaya masa gaskiyar ƙwayar da nake jefa wa Yaya. An janye ƙwayar a hankali, amma harshensa bai koma daidai ba.

Ina jin haushin mai kemis, na fi jin haushin kaina. Mai riƙon irin Yaya, in ka gaji ka faɗa, dangi su kama maka. Kada ka ɗura wa bawan Allah magani don kai ka huta. Yanzu kullum da safe ni ke durƙusawa in gaishe shi, in zauna ina jiran ya amsa.