Wanda Ya Buge Ni a Fadama

Da hantsi ne, a fadamar Gashua, kakar shinkafa. Ina ɗauke da dami, na zo tsallake wata 'yar korama, sai na ji fau! a bayan ƙafata, kamar an sauke mini sanda. Na waiwaya in ga ɗan gidan uban waye. Ba kowa. Sai ruwa kwance, da balbela ɗaya tana kallona.

Mutane suka ce 'ya'yan mutanen ɓoye na taka, don ban yi bisimilla ba. Maɗori ya lalube ƙafar, ya ce ƙashi lafiya lau, amma ya ɗaure ta da kara duk da haka. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Shekara huɗu ina jan ƙafa. Bisa diddigena rami ne, yatsa na shigewa ciki. Gonar kuwa, ita kaɗai maigidana ya mutu ya bar mini, ciyawa ta fara cinye ta. Ƙanensa ya ce in wata damina ta sake wucewa, zai ba wani.

'Yata ta kai ni asibiti a Nguru. Likita ya matsa sha-raɓata, tsokar bayan ƙwauri, ƙafa ko motsi.

"Iya, agararki ce ta tsinke. Bakunan sun guji juna, ba sa haɗuwa."

"Wa ya tsinka ta?"

"Da kanta ta tsinke. Kowa ya zo nan cewa yake an buge shi ta baya."

"To, ɗan nan, ashe mai bugun yawo yake."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce zai aro jijiyar babban yatsan ƙafar ya ƙulla a gurbin.

Suka yi mini allura a gadon baya, suka kifar da ni. Daga ƙugu zuwa ƙasa na mutu, sama ina raye. Ina jin ƙarar ƙarafa da ƙus-ƙus a bayana, ga shi ba damar waiwaye. Wannan karon na yi bisimillata.

Na daɗe da ƙafa ɗaure cikin simintin asibiti, na daɗe bisa sanda. Har yau in na nufi lanƙwasa babban yatsa, diddige ke amsawa, kamar ka kira wani, wani ya ce na'am.

Ruwan fari ya sauka, na riga ƙanen miji zuwa gona. Da na iso koramar nan na yi sallama da ƙarfi, na tsallaka. Ciyawa ta motsa a bayana. Ban waiwaya ba, iri ne a kaina.