Sista Agnes da Uwar 'Yar Fari

Shekara ashirin da biyu na yi ina yanka kati a sashen yara na wani asibiti da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. A duk waɗanda suka yi ta wucewa ta gaban tagata, babu wadda ta ɗaure mini kai kamar Sista Agnes Nwabueze. Gajeriya ce, kullum cikin sauri kamar ta bar tukunya a kan wuta. A Sabon Gari aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. An gudu da ita Gabas tana 'yar shekara tara, aka dawo da ita bayan yaƙi, ta tarar da Hausarta na nan inda ta ajiye ta. In tana yi wa mutum faɗa ka rufe ido, sai ka rantse Bakanuwa ce. Wuri ɗaya take tona wa kanta asiri: ɗan farinta Obinna, tun daga bakin titi take ƙwala masa kira da sunansa, ta rungume shi a gaban jama'a. Mu ne muke jin kunyar a madadinta.

A daminar 1999 sojoji suka koma bariki, farar hula suka hau, asibitinmu kuwa ya rikice. Yau a ce ga sabon shugaban asibiti, gobe a ce ba shi ba ne. Takardar Litinin ta ƙaryata ta Juma'a. A cikin takardun nan aka liƙa wata da ta ce duk yaron da aka kwantar saboda ya nemi kashe kansa, a dawo da shi cikin mako guda bayan sallama. Takardar ba ta faɗi wanda zai nemo shi in ba a dawo da shi ba, kuma lokacin babu wayar hannu. Agnes ta karanta, ta ce, "To, ni ce ke nan." Babu wanda ya ba ta aikin. Sai daga baya na ji dalili. Shekarun baya ta taɓa sallamar wata yarinya da hannunta, har ta raka ta bakin ƙofa, ba a dawo da ita ba, bayan wata biyu sai labarin rasuwarta ta ji.

A wannan daminar aka kawo Kamila, 'yar shekara goma sha huɗu, ita ma ta nemi kashe kanta. Mahaifinta Malam Gana, Babarbare ne da ya daɗe a Fagge, yana sayar da sukari da fulawa a kasuwar Singa. Shi ya tsaya a tagata, matarsa Yakaka na gefe. Bisa al'adata uwa nake tambaya, na ce, "Sunan mara lafiya?" Ta kau da kai, ta ce, "Yarinyar nan ce." Mijin ya faɗi sunan. Nan take na gane 'yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane.

Allah ya yi da sauran kwana. Kamila ta yi kwana tara a kwance, likita yana zama da ita kullum. Yakaka takan kawo abinci ta ajiye, ta koma can nesa da gadon ta zauna tana kallon bango. Abin ya tsaya wa Agnes a rai.

Ta ce mini, "Mai Kati, na san al'adar, a garin nan na tashi. Amma har a bakin gadon asibiti?"

Na ce, "Ke dai yi allurarki."

Aka sallame su da katin dawowa ranar Alhamis. Alhamis ta zo ta wuce, babu su babu dalilinsu. Agnes ta zaro katin don ta ga adireshi, sai ta tarar an rubuta "Fagge, kusa da masallaci." Rubutuna ne. Ta dube ni, na dubi silin. A Fagge wane gida ne ba kusa da masallaci ba?

Ranar Juma'a da aka tashi daga aiki ta ja ni muka fita. An ce matambayi ba ya ɓata, mu dai mun ɓata. Aka kai mu gidan Gana tela, aka kai mu gidan Gana direba, aka kai mu gidan wani Gana da ya rasu tun zamanin mulkin farar hula na baya. Da ƙafa ta gaji muka nufi Singa, muka kutsa cikin laka da masu tura kura har muka sami shagon.

Malam Gana na ganin farar hular Agnes ya tashi tsaye, ya yi ƙasa da murya. "Sista, ta warke. Don Allah a bar maganar. In maƙwabta suka ji, ina za ta sa kanta?"

Agnes ta ce, "Malam, kwanakin da ke bayan sallama su ne masu hatsari. Ba 'yan sanda ba ne mu, babu wanda zai ji daga bakinmu." Ta cire hular ta cusa a jaka, ta fizge gyalena ta yafa. "Ka ce baƙi ne daga cikin gari." Ni aka bari da ɗankwali a tsakiyar kasuwa, da girmana. Can ya kwatanta mana gidan.

Mun sami Kamila a ƙuryar ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa. Agnes ta zauna a tabarma kusa da ita, ta tambaye ta kai tsaye ko tunanin kashe kanta yana dawo mata. Na zungure ta, don a ganina tambayar nan tuni ce. Ko kallona ba ta yi ba. Daga baya ta ce mini tambaya ba ta shuka abin, shiru ne yake ba shi wurin girma.

Kamila ta ce, "Yana dawowa wani lokaci."

A hankali sauran maganar ta fito. Tun yaye aka kai ta wajen kakarta a Maiduguri. Bara kakar ta rasu, aka dawo da ita gidan da ba ta sani ba. Wata goma sha ɗaya tana jin Yakaka na kiran ƙannenta, tana yi musu faɗa, tana dariya da su. Ita kuwa sai dai a aiko mata da saƙo ta bakin wani.

Ta ce, "Ko zagina ba ta yi, Sista. Ban san laifin da na yi mata ba."

Muka fito tsakar gida. Yakaka na tsince shinkafa a daidai wurin da ake hango ƙofar ɗakin. Agnes ta ce abu uku take roƙo. Na farko, a kulle magunguna da duk abin da zai iya cutarwa. Yakaka ta ɗaga bakin zanenta, ga mukulli a ƙulle. Na biyu, kada a bar yarinyar ita kaɗai. Yakaka ta ce tun da suka dawo ko gidan suna ba ta leƙa ba, a nan take wuni. Ashe har tsokar da ake kai wa Kamila a ce daga Baba, ita take zaɓa.

Agnes ta ce, "Na uku, Hajiya, ki zauna da ita ki tambaye ta yadda take ji. Kullum, da bakinki."

Yakaka ta ci gaba da tsintar shinkafa. "Sista, ta fari ce."

"Na sani."

"To, da wane bakin? Uwata ba ta taɓa kama sunan yayana ba har ta koma ga Allah, kuma duk cikinmu shi ta fi so."

Agnes ta juyo gare ni, idonta ya kaɗa. "Mai Kati, ke gaya mata."

Me zan gaya mata? Nawa ɗan farin, Abdulƙahhar, yana da shekara ashirin da biyar, ban taɓa kiransa da komai ba sai Babba. A ganina kawaicin nan mutunci ne, da shi aka raine mu kuma ba mu lalace ba. Ga kuma yarinya a ɗaki tana neman barin duniya saboda shi. Na rasa bayan wa zan bi. Abin da ya zo bakina shi ne, "Hajiya, yayanki a gidan ya tashi, ya san ma'anar shirun. Ita ba wanda ya fassara mata. Gani take ƙi ne."

Muka fito ba mu san ko mun gyara ko mun ɓata ba. Agnes ta yi ta faɗa har Sabon Gari, rabi da ni, rabi da kanta, kuma sai washegari na karɓi gyalena.

Ba zan ce abin da ya faru ranar Alhamis ta gaba shi ya warkar da Kamila ba. Wata bakwai ta yi tana zuwa wajen likita, akwai makon da ta koma baya har Agnes ta je gidan sau uku. Agnes ta yi ta bin irin waɗannan yara lungu-lungu har ta yi ritaya, kuma tun daga ranar ban sake rubuta "kusa da masallaci" a kati ba. Amma wannan Alhamis ɗin ita ce ba ta barina.

Ana yayyafi, layi ya kai bakin ƙofa. Agnes ta leƙo tagata ya fi sau biyar tun safe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga su, uwa da 'ya, babu Malam Gana. Katin yana gabana, na san sunan sarai. Har yau ban sani ba ko da gangan na yi ko bakina ne ya saba. Na dubi Yakaka na ce, "Sunan mara lafiya?"

Yarinyar ta buɗe baki za ta amsa, don ta san ba wanda zai amsa mata. Yakaka ta riga ta. Idonta na kan katakon taga, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai faɗin laifinta.

"Kamila. Kamila Gana. 'Yata ce."

Da ni take magana, ba kiran kowa ta yi ba. Amma Kamila ta juyo ta dube ta, ta ce, "Na'am, Inna."