Shari'ar Kashin Shanu

Sau ɗaya Babanmu ya taɓa kai ƙara a rayuwarsa, kuma a kan kashin shanu ne.

A ƙauyenmu, kusa da Poli, in an gama girbi sai a bar wa makiyaya karan dawa. Shanu su ci, su kasaye a wurin, ƙasa ta karɓi abinta. Gonarmu ta gaji tiɓis, takin zamani kuwa ya fi ƙarfinmu, don haka tuwonmu na baɗi yana cikin hanjin shanun nan.

To, a shekarar sai maƙwabcinmu ya haƙa rijiya a gonarsa, ga kuma inuwar tsamiya. Shanu su yi kalaci a wurinmu, rana na yi su tsallaka can, su sha ruwa, su kwanta, su sauke kaya. Mu da ciyarwa, shi da taki.

Na zo ganin gida daga Garwa, na tarar da Baba durƙushe gaban jauro, mai garinmu, yana kai ƙarar maƙwabcin. "Ranka ya daɗe, karana ne yake fita ta bayansu." Maƙwabci ya ce shi bai gayyaci kowace saniya ba. Jauro ya shafa gemu ya yanke hukunci: duk abin da ya faɗo kafin azahar na Baba ne, ko a gonar wa ya faɗi.

Wallahi da idona na ga dattijo mai furfura yana bin garke da daro, ya dubi wutsiya, ya dubi rana. Shanun kuwa kamar an haɗa baki da su, sai an kira salla suke ɗaga wutsiya. Na ce, "Baba, don Allah ka rufa mana asiri." Ya ce in koma birni, inda ake share arziki a cinna masa wuta. Na ji kunya, amma tausayi ya fi yawa.

Damina ta zo, dawarmu da ƙyar ta kai ƙugu, ta maƙwabci ta shanye mutum. Ba a daɗe da girbi ba hatsi ya ƙare a rumbu, Baba bai sani ba, don Inna ce mai ɗiba. Maƙwabci ya aiko da buhu biyu a ɓoye. Inna ta karɓa, ta ce duk wanda ya faɗa wa Baba, ba ita ta haife shi ba.

Baba ya ci tuwon ya suɗe hannu. "Kun ji dawa? Aikin darona ke nan." Har ya rasu yana koya wa mutane dabarar, mu kuwa muna gyaɗa kai.