Hagun Jirgi, Ba Hagunka Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba yake kashe tsohon babur ɗinsa a bakin rumfar jirage. Ba ya fara buɗe babbar ƙofa. Ta ƙaramar ƙofar gefe yake shiga, ya rataye rigarsa a ƙusa, ya sa kakin aikinsa wanda aljihunsa ya sha faci, sannan ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya yana taɓa su da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Sai ya gama zagayensa za a ji ya ce, "To, a buɗe." Haka yake yi shekara arba'in da ɗaya.

Jiragen da ake kawo masa ƙanana ne, inji ɗaya, farfela ɗaya a hanci, kujera biyu ko huɗu. Wasu sun haura shekara sittin. Fukafukansu ma da yadi ake rufe su, a ɗinke, a shafa masa magani har ya yi tauri kamar fatar ganga. Ni ce mai wannan ɗinkin a rumfar. Abin da zan faɗa da idona na gani, sai ɗan abin da Gwaggo, matar Baba, ta ba ni labari.

A bayan babbar mota ake sauke masa jirgi gunduwa-gunduwa. Mai Fenti, abokin aikinsa tun suna da baƙin gashi, ya ce akwai wanda suka ɗauko daga wata gona, kaji suna ƙwai a kujerar matuƙi. Shekara biyu Baba ya yi a kansa, kuma har yau yana tashi. Aikinsa bai tsaya a gyara ba, yakan ƙara wa tsohon jirgi abin da ba a yi shi da shi ba: inji mai ƙarfi, manyan tayoyi don sauka a fili mai gargada, tankin mai na biyu. Amma ya san iyaka. Wani mutum ya taɓa nacewa sai an sa wa jirginsa injin da ya fi ƙarfin jikinsa. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Ranka ya daɗe, zuciyar saurayi kake so in sa wa dattijo. Haƙarƙarinsa ba za su ɗauka ba." Mutumin ya tafi da fushi, bayan wata uku ya dawo ya ce a yi yadda Baba ya ce.

Kai ne mai tashin tsofaffin ƙarafa, Baba. Matuƙa nawa suka sauka lafiya aka tafa musu, kai kana ciki kana wanke hannu da kananzir, ba wanda ya tambayi sunanka.

Duk wanda ya fara aiki a rumfar, abin da Baba yake fara koya masa shi ne hagu da dama. Yakan ce jirgi yana da nasa hagun, kuma hagun wanda yake zaune a kujerar matuƙi ne. Idan ka tsaya a gaban jirgi kana kallonsa, komai ya juye maka. Ka ce masa, "Baba, tayar hagu ta sace," zai tambaye ka, "Hagunka ko hagun jirgi?" Mun ji tambayar nan har mun mai da ita abin tsokana a tsakaninmu.

Bana ne muka fara rasa gane Baba. Sai ya nemi tabarau alhali yana goshinsa. Ya haɗa shayi ya manta da shi, ya sake haɗa wani. Wata rana ya kira Injiniya, ɗan ƙanwarsa da ya yi karatun wayoyin jirgi, da sunan ƙaninsa shi Baba, wanda ya rasu tuntuni. Gwiwoyinsa kuma suka hana shi hawa kujerar matuƙi. Muka riƙa kallon juna.

A cikin wannan hali aka kawo jirgin Likita. Mace ce da take tuƙa jirginta da kanta zuwa wani ƙaramin asibiti da ke hayin kogi, inda hanya take yankewa da zarar ruwa ya sauka. An sa masa sabon inji da manyan tayoyi. Injiniya ya cire tsofaffin agogunan gaban matuƙi ya sa allon gilashi guda ɗaya mai nuna komai. Baba bai taɓa sakin jiki da allon ba. "Allura in ta yi ƙarya ina ganin tana rawa," in ji shi. "Wannan ko ƙarya yake yi fuskarsa ba ta canzawa." Shi Baba da hannunsa ya sauya wayoyin ƙarfen da suke tashi daga sandar tuƙi zuwa leɓen fukafukai. Leɓe shi ne ɗan ɓangaren bayan fiffike mai ɗagawa da sauka. Idan matuƙi ya tura sanda hagu, leɓen hagu ya ɗaga, jirgi ya karkata hagu.

Ranar da aka gama, jirgin yana kusurwa, an tura wutsiyarsa jikin bango saboda rufin tsakiya yana yoyo. Baba a bayan jirgi yake tsayawa idan zai duba leɓe, amma ranar babu wurin tsayuwa, sai ya tsaya a gaba. Injiniya ya hau kujera ya tura sanda.

"Hagu, Kawu."

"Ya ɗaga."

"Dama."

"Ya ɗaga. Daidai."

Da la'asar aka kawo littafin jirgin don Baba ya sa hannu, domin jirgi ba ya tashi bayan gyara sai mai lasisi ya sa hannu. Ya riƙe biro, ya ajiye. Ya zaga jirgin, ya dawo, ya sake riƙe biron.

"Lafiya, Kawu?"

"Akwai abin da bai yi ba."

"Mene ne?"

"Ban sani ba."

Mai Fenti ya ce, "Tsoho, ko dai shayinka na uku ne ka manta inda ka ajiye?" Aka ɗan yi dariya, Baba ma ya murmusa, amma bai sa hannu ba. Ya sa aka buɗe murfin inji, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya da sifana. Ya shinshina tiyon mai. Ya ƙwanƙwasa ɗinkina da ɗan yatsa. Ya tsaya ya daɗe yana hararar allon gilashin, yana so laifin ya zama nasa. Komai lafiya. Shi kansa bai san ko jirgin ne yake da matsala ko kansa ba, kuma an ga haka a fuskarsa.

Likita ta iso ana cikin haka. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, kwana tara ke nan motar magani ba ta ƙetara ba. Akwai mata biyu da haihuwarsu ta kusa, kuma ba na jin za ta zo musu da sauƙi. Ka faɗa mini abin da ya rage, ko mene ne, in jira."

"'Yata, da na sani da na faɗa miki."

"To me zan jira?"

Baba ya rufe littafin jirgin. Ya cire kakinsa, ya sa rigarsa a bai-bai, ya hau babur ya tafi tun rana ba ta faɗi ba, abin da bai taɓa yi ba. Injiniya shi ma yana da lasisi. Ya sake bin takardar dubawa daga sama har ƙasa, bai ga komai ba, ya sa hannu. Aka tsayar da cewa Likita za ta gwada jirgin ƙarfe takwas na safe. Babu wanda ya ga laifin Injiniya a cikinmu. Mun ɗauka tsufa ne ya zo wa Baba, muna jin kunyar faɗa.

Gwaggo ta ce washegari da safe Baba ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ce mata yau ba zai je ba, yaran sun fi shi ido yanzu. Ta ce, "To ka zauna mana, Malam, in ga yadda za ka ƙare da zaman gida, kai da ko ranar hutu sai ka kwance mini keken ɗinki." Ta tsaya a gabansa ta miƙa masa kofi, ta ce, "Goge kumatunka, sabulun aski ya bushe a gefen hagu." Ya goge. Ta ce, "Ba nan ba." Ya ce ai hagu ta ce. Ta ce, "To ni nawa hagun nake nufi, ai kallonka nake yi."

Ta ce sai ya riƙe kofin a iska bai sha ba, bai ajiye ba. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayan, yana magana a hankali shi kaɗai, "Ina gaba. A gaba na tsaya." Ta zaci abin da take tsoro ne ya zo. Ya fita da sabulun a fuska, tana bin sa da ɗayan takalmin.

Lokacin da ya iso, jirgin yana bakin titin tashi, farfela tana juyawa, Likita tana ciki ta ɗaura bel. Ya bi ta gefe da babur har inda za ta gan shi, ya sauka, ya gicciye hannuwansa a sama. Ta kashe inji. Muka taho da gudu, kowa da abin da yake saƙawa a ransa. Mai Fenti ya riƙe masa hannu ya ce, "Tsoho, zo mu koma ciki." Baba ya zare hannunsa, ya ɗingisa ya je bayan wutsiya ya tsaya.

"'Yata, tura sandar hagu."

"Baba, na gwada da kaina kafin in kunna. Suna motsi."

"Na san suna motsi. Tura hagu ki riƙe."

Ta tura. Leɓen dama ya ɗaga.

Da farko ban gane ba, don ni ma na ga abu ya ɗaga, kuma jiya ma ya ɗaga. Sai da na ga Injiniya ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Wayoyin leɓen a harɗe suke, na hagu a dama, na dama a hagu. Da ta tashi, iska ta ɗan karkata ta, duk gyaran da za ta yi da sanda ƙara kifar da jirgin zai yi, kuma a kusa da ƙasa babu lokacin da mutum zai tsaya ya yi tunani. Likita ta fito ta jingina da taya.

Mai Fenti ya juya kan Injiniya. "Kai da takardunka da allonka. Wa ya ce ka sa hannu?" Injiniya bai ɗago ba. Da Baba ya yi shiru a nan, da shi ke nan. Sa hannun ba nasa ba ne, shi ne ya ƙi sawa, shi ne kuma ya tsayar da jirgin. Amma ya ce, "Ƙyale shi. Ni na haɗa wayoyin. Ni na tsaya a gaba na ga haguna ya ɗaga na ce daidai. Yaron nan maganata ya yarda da ita, kamar yadda na koya masa." Ya sa aka kawo littafin jirgin, ya rubuta abin da ya faru da hannunsa, ya sa sunansa a ƙasa.

Kwana biyu ya yi yana sake aikin. Da aka zo dubawa, ya sa maza biyu suka ɗaga shi suka zaunar a kujerar matuƙi, ya tura sandar da kansa, kowannenmu kuma sai da ya tsaya a bayan wutsiya ya faɗi abin da ya gani. Likita ta tashi, ta zaga sau uku, ta sauka, ta loda maganinta ta wuce hayin kogi.

Ranar ce Baba ya ce ya ajiye aiki ƙarshen wata. Nan muka sake rikicewa. Injiniya ya ce, "Kawu, mu shida muka kalli jirgin nan ba mu gani ba, kai ka gani." Baba ya ce, "Wanda ya kama kuskuren shi ne wanda ya yi shi. Ina tsoron ranar da mai yi zai zo aiki, mai kamawa ya makara." Har yau muna gardama a rumfar. Mai Fenti ya ce ya yi saurin tafiya. Likita ta ce ya fi kowa sanin kansa. Ni ban san wanda ya fi gaskiya ba. Injiniya dai ya roƙe shi ya riƙa leƙowa ranar da za a gwada jirgi, Baba ya ce zai duba.

Kai ne ka tsaya a gaban mutane, Baba, kanka a ruɗe, ana yi maka kallon wanda tsufa ya ci, ka ce ban sani ba amma ba zan sa hannu ba. Kai ne kuma da ka gane, ka ɗora laifin inda yake, ko da yake a kanka ya faɗa. Mun gode. Allah Ya ba gwiwoyin nan sauƙi, Ya ba Gwaggo haƙurin zama da kai a gida.

Masu gyaran mota, masu haɗa magani, masu ɗinki irina, duk wanda wani yake dogara da aikin hannunsa, idan ranka bai kwanta ba kada ka sa hannu don ana jiranka. Idan kuma ka gano ɓarnar taka ce, ka faɗa da bakinka tun kafin a ɗora wa na ƙasa da kai.