Abin da Gwaggo Kande ta gani sau uku

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan wata na yankan shinkafa, da muka binne yayata Asabe. Duk shekara in lokacin ya zagayo mukan soya waina mu dama kunu mu raba sadaka, a yi mata addu'a, kowa ya kama gabansa. Bana sadakar ba ta ishe ni ba, shi ya sa na ɗauki biro. Kuma in faɗa tun da wuri: wanda yake neman ta'aziyya mai sanyi, irin ta "Allah ya jiƙan baiwar Allah mai haƙuri", ya wuce shafi na gaba. Yaya Asabe ba ta da haƙuri, ni ma ƙanwarta ban san kasuwar da ake sayar da shi ba.

Sana'arta turara shinkafa, kamar rabin matan ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Duro shida gare ta a bayan gida, wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashinsu tun daga kaka har rani ya tsaya. Ita kaɗai take sauke buhun da ƙarti biyu suke nishi a kansa. Akwai shekarar da wani maƙwabcin gona ya toshe mata ruwa don ya shayar da tumatirinsa, ta yi masa magana sau ɗaya, ta yi sau biyu. A na uku sai ta ci kwalarsa ta tsunduma shi cikin kanal, da hularsa da rediyonsa. Har yau in ana son a tsokani mutumin sai a tambaye shi ko ruwan da sanyi.

Wannan matar ce ƙullutu ya fito wa a nonon hagu. Na rubuta nono, kuma ba zan nemi afuwar kowa ba, don kunyar faɗin sunansa tana cikin abin da ya kashe ta. Ta yi kusan shekara tana ɓoyewa. Ni ina koyarwa a firamare, nakan leƙa ta in an tashi, sai wata rana na lura ta koma juya shinkafa da hannu ɗaya, na hagun tana maƙale da shi a jiki. Na matsa mata, ta ja ni ɗaki ta nuna min. Abu ya yi tauri, fatar wurin ta yamutse, ta yi duhu.

"Maruru ne ya ƙi nuna," in ji ta. "Bari in gama da shinkafar mutane."

Matan unguwa suka ce ai marurun da ya ƙi fashewa sakiya ake yi masa. Ita da kanta ta aika aka kira wanzami, don ba ta son abin da zai kwantar da ita a tsakiyar aiki. Da hantsi ne. Ya sa tsinin kibiya a garwashin duronta har ya yi jawur. Mata biyu suka danne kafaɗunta, ɗaya ta riƙe kai, ni na zauna a kan ƙafafunta. Da ya luma ƙarfen, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba, ƙaurin nama ya cika tsakar gida, ta shure ni na bugu da turmi. Na tashi na koma na sake danne ta, saboda wanzami ya ce bai kai ba. Sau uku ya shigar da kibiyar. Mugunyar da ake jira ba ta fito ba, jini ne kawai, baƙi, ya jiƙe tabarma. Ni mai takardar koyarwa, ni na danne ta aka yi mata wannan, kuma ba ranar da ba na tuna nauyin ƙafarta a ƙarƙashina.

Ramin nan bai ƙara rufewa ba. Ya buɗe baki ya yi ta cin naman da ke kewaye da shi, ya haura hammata, hannun ya kumbura har ba ya shiga riga. Muna ƙona turare safe da yamma, warin yana fin ƙarfinsa. Sai da ta kasa tsayuwa sannan ta yarda muka kai ta asibiti a birni. Likitar mace ce. Ta buɗe tsumman, ta duba, sannan ta ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Ta tambaye mu ko a cikin danginmu mata, uwa ko kaka ko 'yar'uwa, an taɓa yin mai irinsa. Muka haɗa baki muka ce babu, kuma Allah ya sani ba ƙarya muka yi niyya ba. Innarmu ta rasu ina da shekara shida. Lokacin jinyarta an kwashe mu an kai gidan baffanmu a Bunkure, da muka dawo aka ce zazzaɓi ne. Kakarmu Iya kuwa, wadda ta haifi Inna, ba mu tashi mun gan ta ba, abin da muka ji shi ne iska ta taɓa ta.

Wata huɗu Yaya Asabe ta ƙara. Matar da take jefa namiji a kanal ta koma ina ɗaga ta da hannu ɗaya in sauya mata shimfiɗa. Ta cika ranar wata Laraba bayan azahar.

Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifinmu, ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Ta ce in shigo in zuba mata ruwa. Muka rufe ƙofa. Da ta yaye zanen daga ƙirjin, sai na ji ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta ce, ba da ni take ba, da kanta take: "Nan dai. Gefen hagu. Haka na uwarta, haka na Iya."

Butar ta suɓuce daga hannuna. Na ɗauka na ci gaba da zuba ruwa, don gawa tana da haƙƙi. Na daure aka yi sutura, na daure maza suka ɗauke ta. Suna fita daga zaure na ja Gwaggo na mayar da ita ɗakin, na sa sakata.

"Gwaggo, me kika ce ɗazu?"

"Ban ce komai ba, Hajara."

Na shaƙi wuyan hijabinta na haɗa ta da bango. Tsohuwa ce, ta goya ni, ta yi min kitso, amma a lokacin ban ga wannan ba. Na girgiza ta har ɗankwalinta ya faɗi, ina ihu ta faɗa min me ya kashe uwata. Mata suna dukan ƙofa. Ita ko kokawa ba ta yi ba, hawaye kawai take yi.

"Abin da mai wanka ta gani amana ne," in ji ta. "Ba a fita da shi. Kuma a lokacin ke yarinya ce. Da an ji cewa a jininku yake, wa zai zo neman aurenku? Ubanku ya roƙe ni, na rufa muku asiri."

"Kin ga an kira wanzami, Gwaggo. Kina gidan nan. Ke kika riƙe kanta."

Na sake ta ta zame ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, na buɗe ƙofa na fita.

Daga baya na tambayi wani malami da nake girmamawa. Ya ce min an hana mai wanka tona abin da zai kunyata mamaci ne, ba a ce ta ɓoye wa 'ya'yansa abin da zai tsirar da ransu ba, kuma ciwo ba abin kunya ba ne. Gwaggo ba muguwa ba ce. Abin da ta tarar ana yi ta riƙe, ta riƙe shi da gaskiya, shekara arba'in. Ta rasu bara, na je na roƙi gafararta kafin nan saboda hannun da na sa mata, ta yafe. Ita ba ta roƙi tawa ba, don har ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi kuskure ba.

Bayan sadakar arba'in na koma wurin likitar nan na gyara amsar da muka ba ta. Ta ce ba dole ne duk 'yar gidan ta kamu ba, amma mace uku a jere ba abin wasa ba ne. Ta koya min yadda zan riƙa duba kaina, ta ce in riƙa zuwa ko ban ji komai ba. A shekara ta uku aka ga nawa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Aka yanke nonon gaba ɗaya, na sha magungunan da suka zubar min da gashi, na yi aman da na zaci hanjina zai biyo. Ga ni nan ina rubutu, ina kuma zane 'yan aji huɗu in sun ƙi yin jinga. Tsakanina da Yaya Asabe ba wani bambancin ƙarfi ko na imani, magana ɗaya ce ni na ji, ita ba ta ji ba.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce in ta leƙo yau. Za ta ga injinan gyaran shinkafa sun cika bakin titi, za ta yi tsaki ta ce shinkafar ba ta da ƙamshi. Za ta ga 'yan mata da waya a hannu suna sayar da buhu ga mutumin da ba su taɓa gani ba, wannan kam zai burge ta. Za ta ga har gwajin jini ake yi kafin a ɗaura aure. Amma in ta zauna a gidan makoki za ta ji abin da ta saba ji: "gajeriyar rashin lafiya". Hawan jini ya kashe uwa, ya kashe 'ya, a ce ajali. Ciwon sukari ya cinye ƙafar kaka, jika ba ta sani ba sai an zo yanke tata. Mun san gonar da kowace mace ta gada, har iyakar kunyar ƙarshe, amma ba mu san ciwon da ta gada ba.

Yaya Asabe ta bar 'ya mace ɗaya, Zainabu, wadda ta karɓi durorin uwarta. Shekara biyu da suka wuce aka sa ranar aurenta da wani ɗan kasuwar tumatir daga Garun Mallam. Danginsa suka fara binciken asali kamar yadda aka saba. Babban wanmu, Yaya Sule, ya kira ni gefe ya ce in kama bakina har a kai yarinya ɗakinta, in ya so daga baya a san yadda za a yi. Na san wannan "daga bayan". Shi aka yi wa Inna, shi aka yi mana.

Ranar sadakar shekarar, na tara 'yan matan gidanmu su tara a ɗaki, na rufe ƙofa, na tuɓe rigata. Wasu suka rufe ido, ƙaramar cikinsu ta fashe da kuka. Na ce su buɗe ido su kalli tabon da kyau. Na lissafa musu: Iya, Inna, Asabe, ni. Na kama hannun kowacce na nuna mata inda za ta taɓa da yadda za ta taɓa. Kafin sati ya zagayo magana ta kai Garun Mallam, dangin yaron suka aiko a mayar musu da akwatunansu.

Yaya Sule ya same ni a tsakar gida ya kwaɗa min marin da ya sa kunnena na dama yake ƙugi har yau. Na rarumi muciya na fasa masa goshi, sai da aka yi masa ɗinki. Wannan bai dame ni ba, mun saba tun muna yara. Abin da ya dame ni Zainabu ce. Ta tsaya a gabana idonta a bushe ta ce, "Anti, kin kashe min aure don ki huce haushin Gwaggo." Tun daga ranar ba ta ƙara gaishe ni ba. In mun haɗu a kan gadar kanal sai ta kau da kai ta bi ta gefe.

Akwai gaskiya a maganarta, kuma na daɗe kafin in haɗiye ta. Da na kira ta ita kaɗai, na faɗa mata a hankali, na bar ta ta zaɓi yadda za ta gaya wa yaron, wataƙila da yanzu tana goye da ɗa. Fushi ne ya tuɓe min riga a ranar, ba hikima ba. Na yi nadamar yadda na faɗa. Faɗar kuwa, ko za a sake fasa aure goma, ba zan yi nadamarta ba.

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Asabe, ba zan ce durori ba, biyu sun riga sun ɓule. Zainabu ce ta rage, da tsayin uwarta, da faɗin kafaɗarta, da zuciyar nan da ba ta lanƙwasuwa, da kuma abin da ba mu sani ba ko yana cikin jininta ko babu. Ina son yarinyar nan fiye da yadda take ƙina, kuma tsoron da nake ji mata ya fi wanda na ji ranar da aka tura ni ɗakin tiyata.

Ranar Alhamis da ta wuce, ina wanke-wanke da rana tsaka, sai ga Zainabu ta shigo ba sallama, jikinta duk toka. Ta kama hannuna da kumfarsa, ta ja ni ɗaki kamar za ta ɓalle min kafaɗa, ta tura ƙofa da ƙafa. Ta ɗora yatsuna a ƙarƙashin rigarta.

"Taɓa nan. Jiya na ji shi."

Ɗan ƙarami ne, yana motsi a ƙarƙashin yatsa. Washegari muka shiga motar farko zuwa birni, tana gaba ina baya. An ɗebi ɗan naman wurin za a auna, an ce yawancin irinsa a shekarunta ba komai ba ne, an kuma ce ta kyauta da ta zo yanzu. Ranar Talata za mu koma karɓar sakamako. Har yau ba ta gaishe ni ba. Da muka sauka a bakin titi dai ta juyo, ba ta kalli fuskata ba, ta ce, "Ki fito da wuri ranar, kada mota ta cika."