Tsutsar da Ta Yi Baƙi

Tun da Allah ya karɓi ran Maigida, 'ya'yana ke bina da magana a kan ɗakinsa. Suna so a kwashe fatu da basillar dukancinsa da tsohon rawaninsa a yi sadaka, a yaɓe bango, jikana ya tare a ciki. Ni kuwa na hana. Ina kuka ina hanawa. Jikata Rabi ta tambaye ni dalili, sai na ce ta ɗauko alƙalami, don ni ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, amsar kuma tana da nisa.

Ina yarinya muna zaune cikin tsohon garin Agadas, a shekarun da Nasara suka tafi aka ɗaga sabuwar tuta. Lokacin ɗari, in an yi lisha, Kaka takan hura gawayi a kasko, mu kewaye ta. Tana magana tana saƙar tabarmar kaba, inuwar hannuwanta na rawa a bango kamar wasu halittu daban. Har yau in na ji ƙanshin kaba jiƙaƙƙiya, muryarta nake ji.

Wata rana na tsinci tsutsa koriya mai kauri cikin ganyen da Baba ya kawo daga garka. Na sa ta a gwangwanin tumatir, ina ba ta ganye, ina jiran ta zama malam-buɗe-littafi. Da yamma na nuna wa Kaka. Ta kai gwangwanin kusa da wuta, ta daɗe tana kallon wasu ɗigo baƙaƙe a bayan tsutsar.

Ta ce, "'Yar nan, wannan ta yi baƙi. Ku matso, ga wata tatsuniya nan tafe."

Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Wai akwai wata tsutsa mai kirki a kan ganye. Sai ga wata 'yar zanzaro siririya ta sauka. "Salamu alaikum, uwar ɗaki. Ajiya na kawo, ƙwai ɗaya tak, ba ya cin wuri." Tsutsa ta ji kunya, ta ba da bayanta. Ta ji ɗan tsini kamar ƙaya, shi ke nan.

Ba a daɗe ba wata ta zo. "Na ji ƙanshin 'yar'uwata a jikinki. Ni ma ki taimaka." Ta ajiye nata. Ta ukun kuwa ko sallama ba ta yi ba.

Ƙanena Ada ya ce, "Kaka, don me ba ta gudu ba?"

"Kai, angona mai kan tulu, ta gudu ina? Abin yana ciki."

Tsutsa ta dinga ci ba ta ƙoshi. In gari ya yi tsit sai ta ji muryoyi cikin cikinta, baƙi na gaisawa, suna faɗan wuri. A nan Kaka ta rage murya har sai da muka sunkuya. "Babban cikinsu ya ce, ku ci ko'ina, amma kada ku taɓa zuciya. In ta tsaya, mun mutu."

Da suka ƙoshi suka huda fata suka fito, kowa ya naɗe kansa da farin zare a gefenta. Ita kuwa, da ba abin da ya rage mata sai fata da zuciya, ta hau kansu ta kwanta. Duk wanda ya matso sai ta kai masa duka da kai.

Kaka ba ta rufe tatsuniyar ba. Ta tura toka a kan garwashi, ta ce mu je mu kwanta.

Bayan 'yan kwanaki na buɗe gwangwanina. Ga su nan, farare kamar ƙwayar shinkafa, tsutsata ta yamushe a kansu. Na sa tsinke zan ture su, sai ta ɗago kai ta bugi tsinken. Na kurma ihu. Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙyale ta. Su kaɗai suka rage mata."

Na daɗe ina zaton abin da take koya mana shi ne kada mu amince wa kowane baƙo. Sai da na girma Inna ta faɗa mini Kaka ta binne yawancin 'ya'yanta, kuma a ƙasan akwatinta akwai 'yan rigunansu da ba ta bari kowa ya taɓa.

Nawa baƙin ma sun zo. Ɗana na fari, motarsu ta ɓata a hanyar Bilma, ƙishirwa ta gama da su. Na ɗauka an gama da ni, sai 'yata ta rasu wurin haihuwa. Maigida kuwa yana zaune da fata a cinya, ya jingina da bango, rai ya yi halinsa, ba ciwo ba sallama. Ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma baƙin ciki ya san ƙofar da ya taɓa shiga. Ya cinye ni, ya bar zuciyar tana bugawa.

Na sani ba abin da zai fito daga ɗakin nan da zai yi kama da shi. Tsutsar ma ina jin ta sani. Rabi, ki karanta wa iyayenki wannan. Ki ce su yi haƙuri da ni, su bar rawanin nan a inda yake rataye, har ranar da za a fitar da ni.