Butar da Na Bari a Gindin Tsamiya

Sai da na haura shekara arba'in da biyar kafin na iya rubuta sunana hannuna bai yi rawa ba. Sana'ata wankin hula ce. Ina da ɗan shago a unguwar Hausari, cikin Maiduguri, inda nake wankewa, in sa sitaci, in ɗora a kan katako in buga har ta miƙe. Aiki ne da ba ya son gaggawa, haka kuma na ɗauki karatu da na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ajin namu bayan la'asar ake yi, a wata makarantar sakandare, a kan bencinan da yara suka tashi suka bar mana. Malamarmu ita ce ke koya wa yaran adabin Hausa. 'Yata ta fari tana makarantar, a aji huɗu.

A shekarata ta uku Malama ta ce kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan wata tafiya da ya taɓa yi. Ta ce, "Abin da ido ya gani nake so. Kada wani ya rubuta mini 'wata riga'. Wace iri ce? Wane launi? Ina ta yage?"

Ni tafiya ɗaya ce a kaina. Ranar da muka gudu daga ƙauyenmu na wajen Konduga, mu uku muka fito: ni, da 'yata tana shekara uku, da mahaifiyata. Matata ta riga ta taho Maiduguri wajen 'yan'uwanta don haihuwa. Inna tana da ciwon ƙafa. Tun hantsi muke tafiya, da rana ta take sai ta zauna a gindin wata tsamiya ta ce ba ta ƙara taku ɗaya. Na gwada goya ta, yarinya a kafaɗa, muka zube mu duka. Ana jin harbi a bayanmu. Inna ta ce, "Ɗauki 'yar nan ka tafi. Ko so kake in yi maka baki?" Na ajiye mata butar ruwanmu, na tafi. Bayan kwana huɗu na samu na koma. Butar na tarar, Inna ba ta nan, kuma har yau ban san inda ta ƙare ba.

Ni da matata muka shirya abin da za mu gaya wa yara: Kaka ta yi ciwo ta rasu a gida, an binne ta kafin mu taso. Haka 'yata ta tashi da sani. Butar kuwa na rataye ta a ƙusa a bangon shago, na hana kowa taɓawa, ban taɓa faɗin dalili ba.

Mako uku na yi ina rubuta shafin nan. Na mai da kaina "wani mutum", na mai da 'yata ɗa namiji, na cire Inna gaba ɗaya. A labarin, mutumin ya tsaya a gindin tsamiya, ya ajiye butarsa, ya ci gaba da tafiya yana waiwaye. Na ɗauka na ɓoye komai. Amma Malama ta ce a faɗi abin da ido ya gani, ni kuma ɗalibi ne mai biyayya, sai na rubuta: shuɗiyar buta ta roba, wadda wuta ta lashi hannunta, an ɗaure murfinta da jan zare.

Da ta karanta, ta tsayar da ni bayan an tashi.

"Baba, ka ara mini wannan. Ina koya wa yarana rubuta sharhi, ga littafi ɗaya yara goma. Naka gajere ne, kowa zai samu kwafinsa. Ba zan sa suna ba."

Kunya ta sa na ce to. Ba a taɓa neman wani abu da na rubuta ba, har na ɗan ji daɗi. Sai da na shiga keke napep, mun kusa gida, na tuna wane aji take koyarwa. Washegari na je da wuri in ce na fasa, na tarar ta riga ta raba.

Ranar Laraba takan riƙe yaran har la'asar. Na zo na tsaya a jikin taga kamar mai jiran a tashi. Ta rubuta tambaya ɗaya a allo, na haɗa baƙaƙen a hankali: Me ya sa mutumin ya bar butarsa alhali yana jin ƙishirwa?

"Ta yi masa nauyi ne, Malama," in ji wani yaro.

"Buta ta fi ɗan da ke kafaɗarsa nauyi? Ɗora yatsa a layin da ya ce ta yi nauyi."

Yaron ya yi ta bin takarda da yatsa, aji na dariya.

"Babu ko? To ra'ayinka ne, ka kai wa abokanka a filin ƙwallo. A nan in ka faɗi magana, ka kawo layi, sannan ka gaya mini yadda layin ya tabbatar da maganar. Uku ne, kamar duwatsun murhu. Ka cire ɗaya, tuwo ya kife."

Wata yarinya ta ce mantawa ya yi. Malama ta sa ta karanta wurin da ƙarfi. Na ji kalmomina a bakin 'yar mutane: "Ya gyara mata zama a inuwa, ya juya bakinta wajen gindin itacen."

"Mai mantuwa yana gyara wa abu zama?" in ji Malama. "Ku sake dubawa. Marubuci ba ya ajiye abu a banza. Wanda ma bai faɗa ba, yakan bar sawunsa."

Ban san na rubuta haka ba, wato ban san abin da yake nunawa ba. Na leƙa. 'Yata tana benci na uku, ba ta ɗaga hannu ba, ba ta yi dariya da sauran ba. Takardar kawai take kallo. An ba su mako ɗaya su kawo sharhi mai sakin layi huɗu.

A makon nan ban ci abincin kirki ba. Ba hukunci nake tsoro ba, na daɗe da yanke wa kaina shi. Tsorona idon yarinyar nan ne. Tun tana ƙarama in an yi tsawa wajena take gudowa. Idan ta san na bar uwata a daji na tafi, da wane ido za ta dube ni? Abin da ya fi wannan, idan ta gane saboda ita na tafi, wa zai sauke mata wannan kayan?

Na sauke butar na tura ta ƙarƙashin tebur. Sai ga wurinta a bango ya fito fari fes, da siffarta, ƙusa tsirara. Wannan ya fi butar tona asiri. Na mayar da ita. Ranar na cika wa hular wani dattijo sitaci har ta zama kamar ƙwarya. Ya juya ta ya ce, "Malam, hula na kawo ko kwanon awo?" Na ba shi haƙuri, na sake wankewa.

A gida ina satar kallon 'yata. Tana zaune a tabarma da takardar, tana ja wa wasu layuka biro a ƙasa. Sau ɗaya na wuce ta bayanta na ga inda ta ja: "ya waiwaya sau uku". Na gaya wa matata abin da na yi. Sai ta ce, "Kai da ka ce karatu za ka koya don ka riƙa karanta takardar asibiti."

Ranar Talata, bayan an taso su, 'yata ta zo shago da kayan makaranta a jikinta. Ba ta saba ba. Ina cikin bugun hula, sai na ci gaba da bugu.

"Baba, sannu da aiki. Gobe za mu miƙa. In karanta maka ka ji ko ya yi?"

"Ni me na sani a wannan, Uwata?" Sunan Inna gare ta, shi ya sa nake kiranta haka. Ranar sunan ya yi mini nauyi a baki.

"Ai kai ma ɗalibin Malama ne."

Ta zauna a kan benci, bayanta na fuskantar bangon da butar take. Ta karanta a hankali. A sakin layi na farko ta ce mutumin bai manta butar ba, wani ya bar wa. Hujjarta, ya juya bakinta wajen gindin itace, yadda wanda ke zaune zai miƙa hannu ya ɗauka. A na biyu ta ce wanda aka bari ba ya iya tafiya, domin da yana iyawa da ba a kai masa ruwa har gabansa ba. A na uku ta ce babba ne, domin mutumin ya durƙusa kafin ya ajiye butar, kuma ba a durƙusa wa buta.

Na daina bugu.

"Na huɗu Malama ta ce mu faɗi wane irin mutum ne, da hujja." Ta gyara murya. "Wasu a ajinmu sun ce matsoraci ne. Ni ban yarda ba. Labarin ya ce rana ta take, ya ce maƙogwaronsa ya bushe, ya ce gari da nisa. Ruwan nan shi ne duk abin da yake da shi, kuma ya bar shi. Mai gudun ransa kaɗai da ruwan zai gudu."

Ta ninke takardar. Keke ya wuce a waje yana hon.

"Malama ta ce kada mu rubuta abin da ba ya cikin takarda," in ji ta, ba ta juya ba. "Shi ya sa ban rubuta cewa butar tana rataye a bayana ba. Ban kuma rubuta cewa yaron ba namiji ba ne."

Sai ta juyo ta dube ni.

"Kaka ce, ko?"

Na ce, "Ita ce."

Ta yi kuka, ni ma na yi, hula na bushewa a kan katako. Na gaya mata duka, har maganar da Inna ta yi ta ƙarshe, don kada 'yata ta ɗauka laifinta ne, ko zaɓina ne ni kaɗai. Ina magana ina jiran ta tashi ta fita. Ba ta tashi ba. Da na gama ta share fuska da bakin hijabinta.

"Baba, da ka koma, akwai ruwa a ciki?"

"Babu. Murfin a ɗaure, yadda take ɗaure shi."

"To ta sha," in ji ta. "Ta sha, har ta samu ƙarfin ɗaurewa."

Shekara goma sha biyu butar nan tana gabana, ban taɓa duba ta haka ba.

Ta miƙa sharhinta washegari kamar yadda ta karanta mini, ba ta ƙara ko kalma ba. Ni kuma na sayi sabon littafin rubutu na sake labarin daga farko, da mu uku a ciki. Ya ɗauke ni wata biyu. Wannan ban kai wa Malama ba. 'Yata na ba, ta karanta a shago, ta tashi ta sauke butar, ta wanke mata ƙura, ta mayar da ita a ƙusa.